Hukuncin Da Alƙali Bai Yanke Ba

Ranar 19 ga Janairun 2001 aka yi wa wata yarinya bulala ɗari a Tsafe. Bariya Ibrahim sunanta, 'yar ƙauyen Magazu, kuma da wuya a samu ɗan Zamfara da ya haura arba'in bai taɓa jin labarinta ba. An gan ta da ciki babu aure, aka gurfanar da ita a watan Satumban 2000, shari'a ko shekara ba ta yi da fara aiki a jihar ba. Da aka tambaye ta mai cikin, ta ambaci maza uku, ta ce tilasta mata aka yi. Ukun suka ce ba su san zancen ba. Ba ta iya kawo shaidun da za su gamsar da kotu ba, don haka kowannensu ya kaɗe rigarsa ya koma gida. Ita kuma aka yanke mata bulala 180, ɗari ta zina, tamanin ta ƙazafi. Daga baya aka sauke tamanin ɗin, aka jira ta haihu, aka zartar da ɗarin. Lauyoyin da ƙungiyar BAOBAB ta nemo mata suna tsaka da haɗa takardun ɗaukaka ƙara suka ji labarin an riga an gama.

Ni mutuniyar Nahuce ce ta ƙasar Bungudu. Alli na riƙe har na yi ritaya, yanzu kuma matan aure nake karantarwa a Islamiyya da yamma. Ina cikin waɗanda suka yi guɗa ranar 27 ga Oktoban 1999 da Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'a a Gusau, kuma har gobe ban ga abin kunya a murnar nan ba. Na faɗi haka tun da wuri ne saboda a wajenmu da mace ta ambaci Bariya sai a ce 'yar koren Turawa ce. Hayaniyar da aka yi ta yi daga Kanada da Turai a lokacin ba ta tsinana wa yarinyar komai ba. Su kansu matan BAOBAB sun faɗa daga baya cewa wasiƙun da aka riƙa aiko wa gwamnati daga waje tunzura ta suka yi ta gaggauta. Don haka a bar ni da fiƙihun da muka karanta a zaure, ya ishe ni hujja.

A dubi abin da ya biyo baya a maƙwabta. A watan Oktoban 2001 kotun shari'a ta Gwadabawa ta yanke wa Safiya Husaini ta Tungar Tudu hukuncin jefewa. Ranar 25 ga Maris ɗin 2002 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Sakkwato ta rushe hukuncin, domin ba a yi mata bayanin tuhumar yadda ya kamata ba, kuma abin da ake zarginta da shi ya riga dokar fara aiki. A cikin wannan watan dai kotun Bakori ta yanke wa Amina Lawal ta Kurami irin hukuncin, kotun Funtuwa ta tabbatar a Agusta, sai ranar 25 ga Satumban 2003 alƙalai huɗu cikin biyar na Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina suka wanke ta. Lauyoyinta, Aliyu Musa Yawuri da Hauwa Ibrahim, da ƙungiyar WRAPA a bayansu, daga littattafan Malikiyya suka tsamo hujjojinsu: mai iƙirari yana da damar janye iƙirarinsa, ana kawar da haddi idan akwai shubuha, bazawara tana iya haifar kwantacce shekaru bayan rabuwa da miji kuma ɗan na mijin ne. Duk suna nan rubuce tun kafin a haifi kakanninmu. Bariya ba bazawara ba ce, amma tana da nata abin faɗa, ga shekarunta da ake gardama a kai, ga tilas ɗin da ta ce an yi mata. Ko kotun sama za ta karɓa ko za ta ƙi, Allah masani, tun da ba a bar maganar ta kai can ba. Safiya da Amina sun samu lauya da ya iso da wuri, sun samu lokaci. Ita ba ta samu ba.

Waɗannan ukun duniya ta san sunansu. Matan da suka fi damuna yanzu babu gidan rediyon da zai ambace su. Alƙaluman Hukumar Gidajen Gyaran Hali na 'yan shekarun nan suna nuna mutum wajen 80,000 ke tsare a Najeriya, kusan biyu cikin uku jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Mata kuwa wajen biyu ne cikin ɗari. Wani zai ce to ai da sauƙi. Ƙarancin nasu ne ya cuce su, domin ba da su aka yi lissafi ba lokacin da ake gini da kasafi. Gidan yari na mata zalla 'yan ƙalilan ne a duk ƙasar, irin na Kirikiri a Legas da na Ondo. Sauran wurare ɗan ɓangare ake yanka musu a cikin na maza.

Bari in ba da labarin ɗaya. Ɗalibata ce, ba zan faɗi sunanta ko unguwarsu ba. Man gyaɗa da ƙuli take yi, irin matan nan da tun asuba ake jin ƙamshin suyarsu. Saboda riƙon amanarta matan unguwa suka naɗa ta uwar adashi, shekara da shekaru ba a taɓa jin kanta da kowa ba. Wata damina 'yan bindiga suka ɗauke ɗanta na fari a gona. Suka yanka kuɗi, suka ɗora katin waya a kai, suka ba da wa'adi. Maigidan ya sayar da shanun huɗa, dangi suka yi karo-karo, aka ƙirga bai cika ba. Daren da wa'adi zai ƙare ta jawo kwallar da take ajiyar zubi daga ƙarƙashin gado, ta zazzage ta cikasa. Yaron ya dawo da ƙafafu a kumbure, amma ya dawo.

Sai ranar kwasa ta zo. Wadda ɗauka ta faɗo kanta tana da bikin ɗiya, ta riga ta yi cinikin gado da katifa. Ɗalibar tawa ta bi gida-gida tana ba da haƙuri, tana roƙon a ɗaga mata zuwa kaka. Mafi yawa suka ce Allah ya kyauta, abin nan kan kowa zai iya faɗawa. Mai bikin ba ta haƙura ba, ni kuwa ban ga laifinta ba, guminta ne. Mijin mai bikin ya kai magana caji ofis, daga nan sai kotu, aka rubuta laifin cin amana. Babu lauya, babu kuma wanda ya gaya mata tana iya neman lauya. Alƙali ya ce, “Kin taɓa kuɗin nan?” Ta ce, “Na taɓa, Allah gafarta Malam.” Ita a nata tunanin ta faɗi gaskiya, saura a tambaye ta dalili. A takarda kuwa ta amsa laifi ke nan, shari'a ta ƙare. Aka ce ta biya, in ba haka ba ta yi zaman gidan yari. Ta tafi da goyo a bayanta.

Da na je duba ta na riƙa mata sabulu da garin kunu da 'yan tsummokaran yaro. Muka zauna a kan benci, gandiroba mace tana gefe tana danna waya. Ba ta yi mini kukan abinci ba, ba ta yi na sauro ba. Ta sunkuyar da kai ta ce, “Malama, mutanen gida mi suka ce?” Na ce kowa yana gaishe ki. Sai ta kwance bakin zanenta ta miƙo mini wata 'yar takarda da aka yago daga littafin makaranta. Saki ɗaya ne. Ƙanen maigidan ya kawo, ko ganin ta bai tsaya yi ba, a bakin ƙofa ya bayar. Na ji daga baya cewa 'yan uwansa ne suka tsare shi, wai ba a taɓa ɗan kaso a zuriyarsu ba, ba kuwa za a fara da matar gida ba. Ɗan da aka fanso da kuɗin dai nasu ne, sunan kakansu yake amsawa.

Mu 'yan Islamiyya da yayanta muka harhaɗa aka biya, ta fito. A nan hukunci na biyu ya fara, wanda babu alƙalin da ya yanke shi, ba shi da ranar ƙarewa, babu kuma kotun da ake ɗaukaka shi. Ta koma gidan iyaye ta sake ɗora kasko, 'yar tallarta ta riƙa dawowa da faranti yadda ta fita da shi, wai ƙulin 'yar fursuna. A gidan suna in ta zauna sai mata su riƙa jawo jakunkunansu jiki. Saurayin ɗiyarta, da har an sa rana, ya aiko a mayar masa da kayansa. Ƙarshe ta tattara ta koma Gusau inda ba a san ta ba, tana wankau da wanke-wanke a gidajen ma'aikata. Macen da ta riƙe sana'arta, ta riƙe dukiyar matan unguwa guda.

Namiji in ya fito daga gidan yari a garuruwanmu, abokai za su cika zaure ana barka da arziki, a ce ƙaddara ce, kowa da tasa. Duk tsawon zamansa matarsa na jigilar kwano, tana ciyar da 'ya'ya da sana'ar hannunta, in ta nemi a raba auren ma a ce ba ta da haƙuri. Na manya ba a magana. Wanda ya wawure dukiyar jama'a da makaɗa da jerin motoci ake tarbo shi, zaɓe mai zuwa hotonsa na jikin bango.

Wannan ba addini ba ne, kuma malamanmu sun sani. A cikin Bukhari da Muslim akwai labarin matar nan ta Banu Makhzum da ta yi sata a zamanin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Ƙuraishawa suka tura Usama ɗan Zaidu ya nemar mata sassauci, Annabi ya ƙi, aka zartar da haddi. Masu wa'azi suna son wannan rabin, suna kawo shi don nuna shari'a ba ta san ɗan wane ba, kuma da gaskiyarsu. Sauran rabin ne ba na ji a kan mumbari. Nana A'isha ta ba da labarin cewa matar ta tuba, tubanta ya yi kyau, ta yi aure, kuma takan zo wurinta ita kuma ta isar da buƙatarta ga Annabi. A tsaya a yi tunani. Mace ce da aka yanke wa hannu, alamar laifinta na jikinta kowa yana gani, amma ta samu mijin aure, ta kuma samu ƙofa a buɗe a gidan da ya fi kowane gida daraja a bayan ƙasa. Haka matar nan ta ƙabilar Gamid da aka jefe. Khalid ɗan Walid ya zage ta, Annabi ya tsawata masa, sannan ya yi mata salla. Malamai sun karantar da mu cewa haddi kankarar zunubi ne. Mu ne muka ƙirƙiro namu hukuncin muka ɗora a kan na Allah, muka kuma keɓe wa mata shi.

Ban ce ɗalibata ba ta yi laifi ba. Ta taɓa amana, kuma adashi shi ne bankin matan karkara, in aka bar kowace uwar adashi ta ci ta ce uzuri gare ni, ya rushe. Tambayata ita ce me ɗaurin ya haifar. Mai biki ba ta ga ko kwabo ba duk tsawon zaman. Gwamnati ta ciyar da uwa da ɗa. Sana'ar da za a biya bashin da ita ta mutu, aure ya mutu. Da an zaunar da su aka yi sulhu, aka yanka mata abin da za ta riƙa kawowa duk ranar kasuwa, da mai kuɗi ta fara ganin kuɗinta tun makon farko. Alƙur'ani a ƙarshen Suratul Baƙara ya yi umarni a jinkirta wa mai bashin da ke cikin ƙunci har ya samu. Littattafan da alƙalanmu ke hukunci da su sun bambanta mai taurin bashi, wanda yake da shi ya hana, da wanda aka tabbatar babu gare shi. Na farkon ake matsa wa da tsarewa. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ita ma ta hana kama mutum a kan rigimar bashi ko saɓa yarjejeniya, ta kuma hana kama wani a madadin wani, abin da mata suka fi kowa sha: a zo neman miji ko ɗa a rasa, a tasa ƙeyar matar ko uwar. Amma kowa ya san yadda ake yi. Bashin dillaliya ko na kuɗin atamfa zai shiga caji ofis da sunan bashi, ya fito da sunan zamba.

Abin takaici, dokar da ta ba da damar a bi wata hanyar tana nan. A 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta mayar da gidajen yari gidajen gyaran hali. Mutane sun ɗauka allon bakin ƙofa kawai aka sauya. Dokar ta raba aikin hukumar gida biyu, tsarewa da kuma hukuncin da ba na tsarewa ba, wato aikin al'umma, ɗaurin talala, sa ido a kan mai laifi yana zaune gidansa, da sasanta shi da wanda ya cuta. Sashe na 34 na mata ne kacokan: wurinsu daban a kowace jiha, gwajin ciki da zarar an shigo da mace, awo da kulawa ga mai juna biyu, wurin renon jarirai, kayan tsabtar mata. Ta tanadi takardar shaidar kyakkyawan hali ga wanda ya fito, ta ce kada a nuna wa mai ita bambanci saboda ya taɓa zama. Tun Disamban 2010 ma Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idoji 70 da ake kira na Bangkok, waɗanda suka ce mai ciki da mai ƙananan yara a nema mata hukuncin da ba ɗauri ba matuƙar laifinta ba babba ba ne, ba kuma na tashin hankali ba. A takarda mun wadata. Mutum ya je ya wuni a ƙofar ƙaramar kotu ya ji sau nawa za a ce wa mace je ki share harabar asibiti na wata uku ki riƙa kwana ɗakinki.

Ga kuma maganar beli. Dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta ce ba a hana mace tsaya wa wani don kawai ita mace ce. Duk da haka sai a ce a kawo namiji magidanci, ko ma'aikacin gwamnati mai mataki kaza. To macen da mazan gidansu suka juya mata baya, wa ke zuwa bakin kotu saboda ita? Uwarta ce da ƙanwarta, su ne za a gani rakuɓe a gindin bishiya da ƙullin fura. In an ce ba su isa tsayawa ba, an ce ta tafi jiran shari'a ke nan, jiran da kan fi hukuncin laifin kansa tsawo.

A da gwamnoni kan ce gidan yari na tarayya ne, ba ruwansu. Wannan uzurin ya faɗi a watan Maris na 2023, da aka gyara tsarin mulki aka ba jihohi ikon kafa nasu. Dama can mafi yawan waɗanda ke ciki dokar jiha suka karya, kotun jiha ta tura su. Kuma kuɗin da ke riƙe da mutane da yawa ba wani abin a zo a gani ba ne. A Nuwamban 2023 Ministan Cikin Gida Olubunmi Tunji-Ojo ya ƙaddamar da sakin mutum 4,068 da tara ta riƙe, da naira miliyan 585 da aka tara daga gudummawa. A raba a gani, kan kowane mutum bai kai naira dubu 150 ba. Wani ɗan siyasar ya fi haka liƙi a daren biki ɗaya.

Mu a Zamfara muna da abin da jihohi da yawa ba su da shi, Hukumar Zakka da Wakafi da ta daɗe tana aiki, kuma masu bashi suna cikin mutum takwas da Suratut Tauba ta ce a ba zakka. Hukumar takan biya wa ɗaurarru bashi, musamman da azumi, Allah ya saka. Sai dai bashi ba ya jiran Ramadan. Macen da aka ɗaure a Shawwal sai ta yi wata goma sha ɗaya tana duban hanya. Abin da ya fi wannan, biya a ƙofar gidan yari ya makara. Da mace ta kwana ɗaya a ciki, labari ya riga ya zaga gari, takardar saki ta kama hanya. Wurin da ya kamata a tare abin shi ne kotu. A ce hukumar tana da wakili da alƙalan Gusau da Bungudu da Tsafe za su kira kafin su sa hannu a takardar tura mace gidan yari kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba, ya bincika, in ya ga babu ce da gaske a biya mai haƙƙi nan take, ita kuma a yanka mata abin da za ta riƙa mayarwa in tana da sana'a. Kuɗin ɗaya ne, ko a biya yau ko a biya da azumi. Bambancin shi ne na yau yana ceton aure da sana'a da sunan 'ya'ya.

Na san abin da wasu ke ƙullawa a rai tun ɗazu. Za su ce Malama, kin manta da matan da ke kai wa ɓarayin daji fetur da burodi da ƙwaya, da masu ɗaura harsashi a ƙarƙashin hijabi, da masu tsegunta wanda ya sayar da sa a kasuwa? Ban manta ba. A Nahuce da Bungudu da Tsafe da wuya a samu gidan da bai yi zaman makoki ko haɗa kuɗin fansa ba. Muna nan a Satumban 2021 aka rufe layukan waya da kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka, muka riƙa ganin ana holin mata cikin waɗanda aka kama. Wadda ta yi fataucin harsashi ta san aikin harsashi, a hukunta ta, ba za a gan ni wurin roƙo ba. Amma a kotu, da shaidu. Domin cikin waɗanda ake jerawa gaban kyamara akwai wadda ƙauyensu ke hannun ɗan bindiga, in ya ce dafa dole ta dafa ko a kashe mata miji. Akwai wadda sato ta aka yi aka aura da ƙarfi. Akwai wadda laifinta kawai mijinta ne ɓarawon. Rarrabe su aikin alƙali ne, kuma ba ya yiwuwa in babu mai yi musu magana. In aka watsa fuskar mace a talabijin da Facebook kafin alƙali ya gan ta, ko an wanke ta daga baya ba ta da garin komawa. Masu tsaro su ma su yi lissafi da wannan: macen da gari ya ƙi, wadda ba a sayen abin hannunta, ba a auren ɗiyarta, mutanen daji ba sa ƙyamarta, suna kuma biya lakadan.

Zamfara ta samu mace a kujerar Babban Jojin jiha, Mai Shari'a Kulu Aliyu, kuma doka ta ba mai wannan kujera ikon shiga gidan yari ya saki wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba ko wanda jiransa ya wuce kima. Ina roƙon duk lokacin da za a yi irin wannan ziyara a fara da ɓangaren mata, tun da ba su da yawa, a wuni ɗaya za a duba takardar kowace. Ina roƙon kada alƙali ya rubuta mace ta amsa laifin da ke kai mutum ɗauri sai ya fayyace mata abin da amsawar ke nufi, ya kuma tambaye ta dalili. Kada a zartar da bulala ko wani hukuncin da ba a iya mayarwa sai kwanakin ɗaukaka ƙara sun cika. Hukumar ba da lauya kyauta ta tarayya tun 1976 take, ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA ma tana nan, amma na tambayi ajina kaf babu wadda ta taɓa jin sunan ko ɗaya. Sanarwar minti biyu a rediyon jiha da lambar waya za ta yi maganin wannan.

Sauran aikin namu ne, ba na gwamnati ba. Nana Asma'u 'yar Shehu mata malamai da ake kira jaji take turawa ƙauyuka su je su samu mata inda suke. Ƙungiyoyinmu na yanzu, FOMWAN da makarantun matan aure, muna zuwa asibiti da gidan marayu, amma ƙafarmu na nauyi in an ce gidan yari. Ziyarar ma ba ita ce mai wuya ba. Mai wuyar ita ce ranar da mace ta dawo, a samu liman da mai unguwa su tsaya a yi wa miji da danginsa magana kafin alƙalami ya taɓa takarda, a samu wadda za ta fara aika yaro ya sayo mai a gidanta da rana tsaka kowa na gani, a samu adashin da zai karɓi zubinta ko da ba za a sake ba ta ajiya ba. Limamanmu kuma in sun kawo labarin matar Banu Makhzum ranar Juma'a, don Allah su ƙarasa shi.

Kafin azumi mai zuwa ina son in ji Hukumar Zakka da ma'aikatar mata ta jiha sun faɗa wa jama'a mata nawa ke tsare a Zamfara, nawa ne masu goyo, nawa ne jiran shari'a suke, nawa ne tara ko bashi kawai ya riƙe su, kuma nawa ne jimillar kuɗin. Rajistar tana ofishin gidan gyaran hali na Gusau, ba a buƙatar sabuwar doka ko kwamiti kafin a je a buɗe ta.